Yadda Ake Zaɓar Giyar Mota Kafin A Biya Kuɗi: Ta Hannu Ko Otomatik

In ka shiga filin dillalan motoci, a Kano ne ko Kaduna ko Maraɗi, za ka ga mai saye ya zagaya mota sau uku yana ƙwanƙwasa jikinta, ya leƙa kujeru, ya kunna esi ya kara hannu ya ji sanyi. Giya kuwa sai an kusa sallamawa ake tuna ta, shi ma da tambaya ɗaya: "Manuwal ce ko otomatik?" Alhali in ka ɗauke inji, babu abin da ke tatse aljihun mai mota kamar akwatin giya, wanda makanikai ke kira giyabos. Na daɗe ina hulɗa da ƙananan motoci da na ɗaukar kaya, na riƙe ta hannu na riƙe otomatik, kowacce kuma ta taɓa zaunar da ni a gareji. Ga yadda nake bi yanzu in zan saya, ko in wani ya ce in raka shi.

Mataki na farko: faɗa wa kanka gaskiyar aikin da motar za ta yi

Kafin ka taka filin dillalai, zauna ka amsa tambayoyi huɗu. Wace hanya motar za ta fi bi? Wane nauyi za ta riƙa ɗauka? Wa zai riƙa tuƙa ta? In ta tsaya a hanya, wa ke kusa da zai iya buɗe cikinta?

Ma'aikacin da ke kwana a Maraba yana aiki a cikin Abuja, kullum safe da yamma yana cikin cunkoson Nyanya, in ya sayi ta hannu ƙafarsa ta hagu ce za ta biya kuɗin. Taka kuloci, saki, taka, saki, har gwiwa ta fara ƙara. Wannan otomatik ce tasa, babu ja. Haka uwargida mai kai yara makaranta ta biya kasuwa, ko dattijon da ciwon baya ya fara taɓawa.

Amma mai akori-kura da ke bin kasuwannin ƙauye, yau Ɗambatta gobe Maigatari, yana loda buhuna har bayan motar ya sunkuya, lissafinsa daban ne. Shi abin da zai tambaya shi ne: ranar da ta ƙi tafiya a tsakiyar daji, me za a yi? Ta hannu, in batir ya mutu, samari uku su tura ta ka sa giya ta biyu ka saki kuloci, ta tashi. In faifan kuloci ya ƙone, kusan kowane gari akwai makanikin da zai sauke giyabos ya sa sabo kafin magariba, kayan kuma ga su a Ƙofar Ruwa ko Panteka. Tun da kamfanin Pijo ya fara haɗa motoci a Kaduna a 1975, makanikanmu a kan giyar hannu suka buɗe ido, kuma har yau hannunsu ya fi faɗawa a kanta. Otomatik ba a tura ta ta tashi, kuma masu gyaran cikinta na gaskiya, ba masu canjawa da wata tsohuwa ba, sai ka nema a manyan birane.

Tambayar mai tuƙi ita ce mutane suka fi tsallakewa. Motar da direbobi uku ke karɓa-karɓa, kowa da irin ƙafarsa, kulocinta ba ya daɗewa. Amma kuɗin kuloci ka san iyakarsa. Otomatik tana jure sauyin direbobi fiye da haka, sai dai ranar da ta faɗi, faɗuwar babba ce.

Batun mai kuwa, tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayun 2023 kowa lissafin lita yake yi. Tsofaffin otomatik masu giya huɗu sun fi takwarorinsu na hannu shan mai, wannan gaskiya ne. Amma sababbi masu giya shida ko takwas sun rufe wannan tazarar, wasu ma sun fi ta hannu tsimi. Saboda haka kada dillali ya rufe ka da "ai manuwal ba ta shan mai" ba tare da ka dubi shekarar motar da yawan giyarta ba.

Mataki na biyu: gano wace irin otomatik ce a gabanka

Mu duk motar da ba ta da abin taka kuloci otomatik muke ce mata, amma cikinsu ba ɗaya ba ne.

Akwai ta gargajiya, irin wadda kamfanin General Motors ya fara sa wa motocin Oldsmobile na 1940 a Amurka. Ita da mai take aiki: a maimakon faifan kuloci, akwai wani ƙarfe mai kama da ƙwarya biyu a kife, cike da man giya, inji na juya ɓari ɗaya, mai yana tura ɗayan. Yawancin tsofaffin Camry da Corolla da suka cika titunanmu irin wannan ce, kuma ita ce makanikanmu suka fi sani.

Akwai wadda ake kira CVT, da ta yawaita a motocin Nissan da sababbin Corolla da Honda. Ba ta da giya ɗaya, biyu, uku a cikinta, bel ne na ƙarfe ke gudu tsakanin ƙafafu biyu masu buɗewa da tsukewa. Tana da tsimin mai, tafiyarta sumul, amma ba ta son lodi mai nauyi, ba ta son zafi, kuma manta na musamman ne. Sannan akwai mai kuloci biyu da kwamfuta ke sarrafawa, wadda Volkswagen ke kira DSG. A buɗaɗɗiyar hanya tana da daɗi, amma rarrafen cunkoso yana gajiyar da ita.

Tambayi mai sayarwa. In ya fara kame-kame, duba rubutun da ke kan sandar awon man giya ko littafin motar, ko ka sa lambar jikin motar a intanet. Don aikin wahala, in dai otomatik za ka saya, ni ta gargajiya nake zaɓa.

Mataki na uku: gwajin giyar hannu

Wannan ba shi da tsawo. Tayar da mota tana firi, ƙafarka a ƙasa, ka saurara. Sannan taka kuloci a hankali. In ƙara ta taso lokacin da ka taka, kamar ana niƙa tsakuwa, boris ɗin kuloci ne ya gaji, gyaransa ba tashin hankali ba ne amma sai an sauke giyabos. In kuwa ƙarar tana nan a firi, ka taka kuloci ta ɗauke, matsalar a cikin giyabos take, wannan ya fi tsada.

Ja birkin hannu sosai, sa giya ta uku ko ta huɗu, ka riƙa sakin kuloci a hankali da ɗan totur. Lafiyayyen kuloci zai kashe injin nan take. In inji ya ci gaba da aiki bayan ka saki ƙafa, faifan ya cinye. Lura kuma da inda kulocin ke kamawa: in sai ƙafarka ta kusa dawowa sama gaba ɗaya, kwanansa ya ƙare.

A kan titi, bi giyoyin ɗaya bayan ɗaya, hawa da sauka. Wadda ta yi "ƙarrr" wajen shiga, musamman ta biyu, zobban da ke daidaita gudun haƙoran sun lalace. Kana giya ta huɗu a ƙaramin gudu, danne totur har ƙasa. In allurar inji ta yi sama amma motar ba ta ƙara gudu ba, kuloci na zamewa. Sai ka saki totur kwatsam ka dubi sandar giya, in ta fita da kanta ta koma firi, rage kuɗi mai yawa ko ka bar musu kayansu. Kada ka manta da ribas.

Mataki na huɗu: gwajin otomatik, inda ake cutar mutane

A nan nake ɓata lokaci, domin ba a cinikin biri a sama. Ka ce da dillali za ka zo da sassafe, kuma kada a tayar da motar kafin ka iso. Da ka zo, ɗora tafin hannu a kan bonet. In da ɗumi, an riga ka. Giyar otomatik da ta fara gajiya da sanyin safiya take tona kanta, in ta yi zafi sai ta lafa. Na taɓa zuwa na tarar da bonet da zafi, na ce, "Alhaji, ai mun yi da kai ba za a kunna ba." Ya ce, "Wallahi yara ne suka matsar da ita don a yi shara." Na ce to Allah Ya kai mu gobe. Washegari da na sa ta a D, wato giyar tafiya gaba, sai da na ƙirga har biyar kafin ta kama, da wata girgiza kamar an doke ta daga baya.

Yadda ake gwajin ke nan. Taka birki, matsa daga P (fakin) zuwa R (ribas), ka ƙirga. Koma N (firi), sannan D, ka sake ƙirgawa. Lafiyayya cikin daƙiƙa ɗaya zuwa biyu take kamawa, a natse. Jinkiri mai tsawo ko duka mai ƙarfi alama ce.

Sai man giya. A yawancin motoci ana duba shi ne bayan an ɗan zaga ta yi zafi, a shimfiɗaɗɗen wuri, inji na aiki, giya na P. Motocin Honda da yawa kuwa sai an kashe inji ake dubawa nan take. Zaro sandar awon, goge ta a farin ƙyalle ko farar takarda, ka duba a hasken rana. Mai lafiya ja ne garau kamar zoɓon da aka tsinka da ruwa. In ya koma ruwan ƙasa mai duhu, ya tsufa. Kai shi hanci: in yana ƙaurin ƙuna kamar tuwon da ya kama a tukunya, faya-fayan ciki sun fara ƙonewa, kuma canza mai ba zai dawo da abin da ya riga ya cinye ba. Murza shi tsakanin yatsu biyu ka ji ko akwai gari-gari. In kuma ya yi kauri ya yi fari-fari kamar an zuba madara, ruwa ya shiga, galibi ta lagireto, domin bututun da ke sanyaya man giya ta cikinsa yake bi. Wannan ko kyauta aka ba ka, yi tunani. Man wasu CVT kore ne tun asali, kada launinsa ya ruɗe ka. Kuma in ka ga mai sabo fil a tsohuwar motar da komai nata ya sha jiki, tambayi dalilin da ya sa aka canza shi jiya-jiya.

Sababbin motoci da yawa ba su da sandar awon ma sam. A irinsu sai makaniki ya ɗaga mota ya duba ta ƙasa.

Yanzu hau titi, kuma kada ka yarda da zagayen layi ɗaya. Kana buƙatar aƙalla minti ashirin, da cunkoso da buɗaɗɗiyar hanya. Kashe rediyo, in dillali mai surutu ne ka roƙe shi ya ɗan yi shiru. Tashi a hankali ka ƙirga canjin giya da kunnenka da idonka a kan allurar inji. Duk canji ya kamata allurar ta ɗan sauko. In ta fara yin sama tukuna kafin giya ta kama, zamewa ce. A buɗaɗɗen wuri danne totur, ya kamata ta sauko giya ɗaya ko biyu ta zabura. In ta maƙale a giya ɗaya ta ƙi canjawa ko me ka yi, kwamfutarta ce ta ga matsala ta kulle ta don kare kanta.

Duba fitilun gaban direba lokacin da ka murɗa makulli kafin inji ya tashi. Fitilar inji dole ta kama, sannan ta mutu bayan ya tashi. In ba ta kama ba tun farko, akwai yiwuwar an cire ƙwan ne. Motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka tun daga 1996 suna da wata kafa a ƙarƙashin sitiyari da ake jona na'urar bincike, na Turai ma sun biyo baya. Kuɗin da za ka ba mai na'ura bai kai kuɗin taya ɗaya ba. Tafi da naka, ba wanda dillali ya kawo ba. Daga ƙarshe, matsar da motar ka dubi ƙasan inda ta kwana, ɗigon jan mai ba ya ɓuya a kan siminti.

Mataki na biyar: in babbar mota ce

A tifa da tirela da tanka, abin da ake kira otomatik yawanci ba irin ta ƙananan motoci ba ce. Giyar hannu ce da kulocinta na gaske, sai dai kwamfuta da iska ne ke taka kulocin su canja giya. Volvo na kiran tasu I-Shift, Scania na kiran tasu Opticruise, MAN kuma TipMatic. Yawancin sababbin kawunan tirela da ke fitowa daga Turai yanzu da irin wannan suke zuwa. A doguwar kwalta tana hutar da direba, tana tsimin gas, kuma sabon direba ba ya iya ƙona mata kuloci da gangancin ƙafa.

Matsalarta a wajenmu ita ce ta dogara da abubuwa uku da muke wasa da su: iska mai tsabta ba yoyo, batir mai ƙarfi, da wayoyin da mai gyaran wuta bai yanke ya ɗaure da leda ba. Ɗaya ya samu tangarɗa, mota mai tan talatin a baya ta ƙi shiga giya. In an canza mata kuloci kuma, sai an jona kwamfuta an saita shi. Don haka kafin ka saya, nemo mai wannan kwamfutar a kan hanyar da motarka za ta riƙa bi, ka karɓi lambarsa. In babu shi, ka koma ta hannu. Wannan ne ya sa masu tifar yashi da dutse suka fi natsuwa da motocin China irin su Howo masu giyar hannu: ramin yashi da lodin da ya wuce ƙa'ida ba wurin lallaɓa na'ura ba ne.

Ga masu Hilux da makamantansu da ke shiga rairayi, irin na Yusufari ko hanyoyin Agadas, akwai abin da zan faɗa wa otomatik na alheri. A cikin yashi ƙarfinta ba ya yankewa lokacin canjin giya, alhali mai giyar hannu da ya taka kuloci daƙiƙa ɗaya sai motar ta nutse. Sharaɗin shi ne ka tsaya cik, ka sa N, ka shigar da ƙaramar giyar taya huɗu kafin ka faɗa yashin. In ka bar ta a D tana ta fama, man giya zai tafasa. Mai jan kaya kullum da otomatik, musamman a zafin Afrilu na Sakkwato ko Maiduguri, ya sa a ƙara masa ɗan lagireton man giya na daban a gaba.

Mataki na shida: bayan ka kawo ta gida

Motar da ta fito daga Kwatano ko Legas ba ka san yaushe aka canza mata man giya ba, don haka fara da shi. A nan ne ake yin kisan mummuƙe. Ba kowane jan mai ne man giyarka ba. Toyota na da T-IV da WS, Honda na da DW-1, CVT na Nissan na da NS-2 da NS-3, kuma ba a musanya su. Karanta abin da aka rubuta a sanda ko a littafi, ka je da kanka ka saya a rufe, ka tsaya a zuba a gabanka. Duk wanda ya ce maka "duk ɗaya ne, Oga", ba shi zai sayi sabon giyabos ba. Da zafinmu da ƙurarmu, ni ba na wuce kilomita dubu 50 ban canza ba, ko da littafi ya ba da tazarar da ta fi haka. Ka tuna motar Amurka da mil take ƙirga, mil ɗaya kuwa kilomita 1.6 ne. Giyar hannu ma tana da manta, kuma an fi mantawa da shi saboda ba ta ƙorafi da wuri.

Sai halayen tuƙi. Mai ta hannu ya sauke ƙafarsa daga kan kuloci da zarar ya canja giya, kuma kada ya riƙe mota a kan tudu da rabin kuloci, aikin birkin hannu ne. Mai otomatik kada ya jefa R mota na gangarawa gaba, ya tsaya tukuna. In zai faka a gangare, ya ja birkin hannu kafin ya sa P, don abin da ke riƙe mota a P wani ɗan ƙarfe ne da bai fi yatsa ba.

Akwai ɗabi'ar da ta haɗa su duka, wato sakin mota a firi a gangara wai don tsimin mai. Motocin zamani da kansu suke yanke mai in ka ɗaga ƙafa daga totur tana cikin giya, don haka babu abin da ka tsimta. Abin da ka yi kawai shi ne ka bar wa birki nauyin motar gaba ɗaya. A gangara irin ta Hawan Kibo, birkin da aka danne tun daga sama yana yin zafi ya daina kamawa kafin a kai ƙasa. Sauko da giyar da za ka hau da ita. A otomatik, ja sandar zuwa 2 ko L, ko ka kashe maɓallin O/D a tsofaffin motoci, inji ya riƙe ta.

Na bar maganar jan mota a ƙarshe saboda ita ce ta fi ci mini kuɗi. Wata shekara muna dawowa daga ɗaurin aure, motata otomatik ta mutu a hanyar Gumel bayan la'asar, abin cajin batir ne ya daina aiki. Samarin ƙauyen suka taru za su tura, na ce ba ta tashi da turi. Wani mai akori-kura ya tsaya ya ce, "Maigida, kawo igiya in ja ka zuwa gari, ka sa ta a firi kawai." Na ji daɗi, na yi ta godiya. Muka yi tafiyar sama da awa guda. Washegari aka gyara wutar da kuɗi kaɗan, inji ya tashi lafiya lau, na sa D, motar ta ƙi motsi. Famfon da ke zagaya da mai a cikin giyar otomatik inji ne ke juya shi. Inji a kashe, tayoyi na juya kayan ciki ba mai, sun yi ta cin junansu tun daga inda aka ɗaura igiyar.

In taka ta mutu a hanya, nemi motar da za ta ɗauke ta gaba ɗaya a bayanta. In babu sai janwe, a ɗaga tayoyin da inji ke juyawa: na gaba a irin su Camry da Corolla, na baya a irin su Hilux, ko kuma makaniki ya kwance dogon ƙarfen da ke kai ƙarfi zuwa tayoyin baya kafin a fara ja. In kuwa dole ce ta sa sai da igiya, iyakarta a matsar da ita daga tsakiyar titi zuwa gindin bishiya mafi kusa, a hankali, a jira gari ya waye.